Aibin da Aka Ɓoye a Cikin Giya

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Damba zuwa cikin Gusau da sassafe ya san irin motar. Honda ce ko Nissan ko Peugeot 406, fentinta yana ƙyalli, tayoyinta sun sha wanki, amma idan mai ita ya saka giya sai ta yi jim kamar mai shawara, sannan ta fizga. A kan kwalta injin yana ruri, gudu kuwa bai ƙaru ba. Mai motar ma'aikacin gwamnati ne, ko malamin makaranta, ko ɗan kasuwa mai ƙaramin jari. Ya haɗa adashi da rance, wataƙila har da kuɗin fili, ya saye ta wata huɗu da suka wuce. Yanzu bakanike ya faɗa masa abin da yake gudun ji: "Oga, giyar nan ta gama. Sai dai a nemo wata daga Kano ko Kaduna."

Idan ya kai kukansa majalisa, amsoshin da zai samu sanannu ne. Wani zai ce ƙaddara ce. Wani zai ce mota sa'a ce kamar aure. Wani zai tuna masa cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Na huɗu, wanda ake ganin ya fi kowa wayewa, zai rage murya ya ba shi shawara: a zuba mata mai mai kauri, a goge wutar gargaɗi, a wanke ta tas, a kai ta bakin titi a sayar kafin ta kwanta gaba ɗaya.

Wannan shawara ta huɗu ita ce ainihin cutar. Tsufan mota abu ne da ido ke gani, kuma farashi yana lissafa shi. Abin da ke karya jarin masu ƙaramin ƙarfi a Gusau da Tsafe da Bungudu shi ne aibin da mai sayarwa ya sani ya ɓoye, aka yi ta miƙa shi daga hannu zuwa hannu har ya sauka a kan wanda ya fi kowa rauni. An yi wa wannan ɗabi'a suna wayo, alhali sunanta algus. Jihar da ta riga kowace jiha a Najeriya faɗaɗa aiki da Shari'a tana da hukuncin wannan ciniki a rubuce cikin littattafan da alƙalanta suka karanta, amma kasuwar mota tana ci kamar ba a taɓa rubuta shi ba.

Giya ba ta mutuwar fuju'a

Dalilin da ya sa ya dace a tuhumi mai sayarwa yana cikin yadda giyar otomatik take aiki. Giyar manuwal tana dogara da kuloci guda da hannun direba, kuma idan kulocin ya cinye kowane bakanike zai iya canja shi. Ta otomatik kuwa mai ne ke tafiyar da ita. Man giya shi ke ɗaukar ƙarfin injin, shi ke matse jerin faya-fayan kuloci da ke cikin akwatin, shi ke sanyaya su, wasu ƙananan bawul masu aiki da lantarki suna rarraba shi bisa umarnin kwamfutar mota. Babban abokin gabar wannan tsari zafi ne. Idan man ya tsufa ko ya ƙone, faya-fayan sukan fara zamewa, zamewar ta haifar da ƙarin zafi, garin da ya goge daga jikinsu ya toshe hanyoyin mai. A garin da zafin bazara kan haura digiri 40, mota mai shekara goma sha biyar ba ta da sauran rarar lafiyar da za ta jure sakaci.

Wannan lalacewa takan ɗauki watanni tana ba da alama. Giya takan yi jinkirin shiga ribas, ta yi ƙara tsakanin ta biyu da ta uku, man ya tashi daga ja zuwa baƙi yana warin ƙuna, wutar gargaɗi ta kama. Mutumin da ke tuƙa motar kullum ba zai rasa lura ba. Sau da yawa kuma, a farkon ciwon, giyar takan yi ladabi muddin tana da sanyi, sai an yi tafiya mai nisa man ya yi zafi ya tsinke sannan ta nuna halinta. Shi ya sa zagayen minti goma da dillali ke bari a yi ba ya tona komai. Mai mai kauri yana ƙara ɓoye zamewar na ɗan lokaci. Na'urar da ake jona wa kwamfutar mota domin gano matsala ita ce dai ake amfani da ita a share shaidar matsalar. Akwai ma masu cire ƙwan wutar gargaɗin ɗungurungum, ko su mayar da agogon nisan tafiya baya.

Dole a yarda cewa masu mota da kanikawa suna da nasu kason. Ana zuba man giya na gama-gari a cikin giyar CVT, wadda ke aiki da ɗamarar ƙarfe kuma take buƙatar irin nata man. Ana cika lagireto da ruwan rijiya, alhali a motoci da yawa ta cikinsa man giya ke bi ya huce. Ana shekaru ba a duba man ba. Amma sakacin mai mota a kan dukiyarsa asara ce da ya ja wa kansa. Ranar da ya rufe sakamakon sakacin ya karɓi kuɗin mota mai lafiya, ya mayar da asararsa ta wani.

Doguwar hanyar aibi

Ɓoyon ba a Gusau ya fara ba. A shekarar 2020 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Tarayyar Turai da Amurka da Japan, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufa. Binciken da hukumomin Holan suka yi a kan motocin da ke barin ƙasarsu ya nuna cewa yawancinsu ba su da takardar shaidar lafiya mai aiki, kuma kashi ɗaya bisa huɗu na waɗanda aka turo Najeriya sun kusa shekara 20. Sunan Beljiyam da ake kiran irin waɗannan motoci da shi a Arewa ya samo asali ne daga tashar jirgin ruwa ta Antwerp, inda aka daɗe ana lodinsu zuwa Kwatano da Legas. Daga Amurka kuma akwai waɗanda kamfanonin inshora suka yi gwanjonsu bayan hatsari ko ambaliya.

Wasu ma da rauninsu suka baro masana'anta. A 2004 kamfanin Honda ya kira motoci kimanin miliyan ɗaya a Amurka domin gyaran giya, cikinsu har da Accord mai silinda shida ta 2003 da 2004, irin wadda 'yan Najeriya suka laƙaba wa EOD. Kamfanin Nissan ya tsawaita garantin giyar CVT na motocinsa na 2003 zuwa 2010 ya kai shekara 10 ko mil 120,000. Ba'amurken da ya sayi motar sabuwa ya ci moriyar waɗannan matakai. Kafin ta iso hannun malamin makaranta a Bungudu, garantin ya daɗe da ƙarewa, labarinsa ma bai biyo ta ba.

Daga tashar ruwa motar takan yi shekaru a Legas ko Abuja, ta gangaro Kaduna ko Kano, sannan ta iso Zamfara a matsayin ta hannu na uku ko na huɗu. A kowane zango wani ya ɗanɗana ciwonta, ya yi shiru, ya sayar. Iyakar sarƙar ita ce inda kuɗi suka fi ƙaranci, kayan gyara suka fi nisa, kuma ƙwararrun giyar otomatik suka fi wuyar samu.

Abin da ya canja lissafi

A da mutum kan iya haɗiye irin wannan asara. Daga 1975, lokacin da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, ma'aikaci mai matsakaicin matsayi yana iya sa ran sabuwar 504 ta rancen gwamnati, mota mai giyar hannu wadda kowane gareji ya san cikinta. Karya darajar naira a 1986 ƙarƙashin shirin SAP ya rufe wannan ƙofa, motocin Beljiyam suka cike gurbin. Shekaru da yawa arahar su ta rufe aibinsu: idan giya ta mutu, a sayo wata ta hannu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a ɗaura.

Wannan araha ta ƙare. Tun 1 ga Janairun 2017 aka haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. A Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. A Yunin 2023 aka saki naira, dalar da hukuma ke sayarwa kimanin naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Kowace giya ta hannu da dala aka sayo ta, da farashin dala kwastan suka yanka mata haraji. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa kuwa naira 70,000 ne tun Yulin 2024. Canjin giya ɗaya yana iya lashe albashin watanni na ƙaramin ma'aikaci, kuma giyar da zai saya ita ma cinikin biri a sama ce: akwati ne rufaffe da aka ciro daga wata tsohuwar mota, ba wanda zai san lafiyarsa sai an ɗaura an hau titi.

A Zamfara akwai ƙarin abin da ya fi kuɗi. Hanyar Gusau zuwa Tsafe zuwa Funtuwa, da ta Bungudu zuwa Maru zuwa Talata Mafara, sun yi shekaru suna fama da 'yan bindiga masu tare matafiya. A 2024 gwamnatin jihar ta kai ga hana zirga-zirgar dare a wajen iyakokinta da Katsina da Sakkwato. Motar da giyarta ta saki a tsakiyar Kano ta ɓata wa mai ita yini guda. Wadda ta saki bayan la'asar tsakanin Kwatarkwashi da Tsafe, da mata da yara a ciki, ta jefa rayuka cikin haɗari. Wanda ya ɓoye aibin giya a wannan yanki ya san hanyoyin da motar za ta bi.

Kasuwar da ke korar masu gaskiya

A 1970 masanin tattalin arziki George Akerlof ya wallafa maƙala a kan kasuwar motoci na hannu, wadda tana cikin ayyukan da suka kai shi ga lambar Nobel a 2001. Amurkawa suna kiran mota mai ɓoyayyen aibi lemon tsami. Bayaninsa mai sauƙi ne. Idan mai saye ba zai iya bambanta mota mai lafiya da marar lafiya ba, zai taya kowace da farashin tsaka-tsaki domin kare kansa. Mai mota mai lafiya zai ga tayin ya yi masa kaɗan, ya fasa sayarwa ko ya nemi ɗan'uwa ya ba shi. Masu marasa lafiya su ne za su rage a fili. Da haka ingancin abin da ke kasuwa zai yi ta sauka, rashin yarda yana hawa.

Wanda ya taɓa neman mota a Gusau ya ga wannan da idonsa. Mota mai kyau ba ta cika kaiwa bakin titi ba, tun a ofis ko a masallaci ake kama ta. Saboda haka algus yana cutar har da dillali mai amana, domin zargin da abokan sana'arsa suka jawo yana rage darajar kayansa. Ƙasashen da suka rage wannan matsala ba halin 'yan Adam suka canja ba. Sun tilasta bayyana bayani ne. A Birtaniya kowa yana iya duba tarihin gwajin shekara-shekara na mota a intanet, har da nisan da ta yi a kowace shekara. Kenya ta ƙayyade shekara 8 ga motocin da ake shigo da su, tana kuma neman a gwada su tun kafin a loda su a jirgi.

Hukuncin da ke kan kanta

Zamfara ba ta buƙatar aron ƙa'ida daga Landan. Fiƙihun Malikiyya, wanda ake karantarwa a zaurukan Gusau daga Risala ta Ibn Abi Zaid zuwa Mukhtasar na Khalil, ya yi bayanin zaɓin aibi filla-filla. Wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani. Idan mai saye ya tarar da tsohon aibi mai rage daraja wanda bai gani ba lokacin ciniki, yana da ikon mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa. Faɗin cewa an sayar da abu yadda yake, a wannan mazhaba, ba ya wanke mai sayarwa daga aibin da ya sani ya rufe.

Akwai ma mas'alar da ta yi kama da ta giya kamar an tsaga kara. Ita ce ta dabbar da mai ita ya ƙi tatsa kwanaki domin hantsarta ta cika, mai saye ya ɗauka mai yawan nono ce. Shari'a ta haramta haka, ta ba mai saye zaɓin mayar da dabbar tare da sa'i guda na abinci a madadin nonon da ya tatsa. Mai mai kauri a cikin giyar da ta cinye shi ne cikakkiyar hantsar wannan zamani. A kasuwar shanu ma, al'adar Hausa ta ɗauki dillali a matsayin lamuni: ya san mai dabba, kuma idan magana ta taso shi ake nema. A kasuwar mota dillali kan karɓi la'ada hagu da dama, washegari ya ce shi ɗan tsakani ne kawai.

An ƙaddamar da Shari'a a Gusau a Oktoban 1999, ta fara aiki a Janairun 2000. Akwai kotunan Shari'a, akwai Hukumar Hisba. Asalin aikin hisba a tarihin Musulunci kuwa sa ido ne a kan kasuwa: mudu da sikeli da algus. Dokar tarayya ta kare haƙƙin masu saye ta 2018 ita ma ta tanadi haƙƙin mayar da kaya masu aibi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai saye da ya san yana da wannan haƙƙi, da takardar da zai kafa hujja da ita, da al'ummar da za ta daina yi masa dariya idan ya nema.

Uzurorin da aka saba kawowa

Masu cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa sun manta cewa mai sayen rariya yana ganin hudojinta. Wanda ya sayi mota mai shekara ashirin ya yarda da shekarunta, da kujerun da suka yage, da shokozoba da za ta nemi canji. Bai yarda da giyar da aka yi wa kwaskwarima domin ta kai shi gida kawai ba.

Masu cewa ai ya kamata ya zo da bakanikensa sun faɗi rabin gaskiya. Bakaniken da ke tsammanin na goro daga dillali idan ciniki ya faɗa ba shaida ba ne. Ko mai amana ne, ba zai ga cikin rufaffen akwati a zagayen unguwa ba. Ballantana kuma sakacin mai saye ba ya halatta ƙaryar mai sayarwa.

Uzurin da ya fi ban tausayi shi ne na wanda ya ce shi ma haka aka yi masa. Gaskiya ne an cuce shi, kuma yana da haƙƙi a kan wanda ya cuce shi. Ba shi da haƙƙi a kan baƙon da zai zo saye gobe. Yana da hanyar fita mai tsabta: ya faɗi ciwon, ya rage kuɗi. Akwai masu sayen mota marar giya da saninsu, kanikawa da masu kayan gyara da direbobin da za su mayar da ita manuwal. Zai yi asara, amma asarar za ta tsaya a inda take.

Akwai kuma masu ganin maganin shi ne a hana tsofaffin motoci baki ɗaya. Wannan magana ce ta wanda ke da motar ofis. Layin dogon da ya ratsa Gusau ya kai Ƙaura Namoda tun 1929 ya daɗe ba ya ɗaukar fasinja yadda ya kamata, sabuwar mota kuma ta fi ƙarfin albashi. Tsohuwar Golf ce ke kai mai haƙuri asibiti daga ƙauye. Jama'a za su ci gaba da sayen tsofaffin motoci, kuma haƙƙinsu ne su san abin da suke saye.

Abin da za a iya yi

Gyaran ba ya buƙatar kasafin biliyoyi. Ƙungiyar dillalan motoci a jihar tana iya samar da takardar ciniki guda, da Hausa, wadda mai sayarwa zai cika ya sa hannu gaban shaidu: lambar casis, halin injin, halin giya, ko an taɓa buɗe ta ko canja ta, ko motar ta taɓa hatsari ko shiga ruwa. A sa wa'adin kwanaki kaɗan da mai saye zai iya mayar da mota idan babban aibin da ba a rubuta ba ya bayyana. Da irin wannan takarda alƙali yana da abin dubawa, mai sayarwa na gaskiya kuma yana da kariya daga mai sayen da ya lalata mota da hannunsa ya dawo yana ƙorafi. Majalisar dokokin jiha tana iya ba takardar ƙarfin doka. Ƙungiyar kanikawa tana iya ware masu gwajin mota waɗanda mai saye kaɗai ke biya, ta kori duk wanda aka kama yana karɓa daga ɓangare biyu. Limamai, waɗanda suka sha yin huɗuba a kan tauye mudu, suna iya ambaton giya da sunanta.

Kafin a kai nan, mai saye yana da 'yan makamai. Ya dage a yi tafiya ta gaske, kamar daga Gusau zuwa Bungudu a dawo da rana, har giyar ta yi zafi. Ya duba launin man giya ya shinshina shi. Ya murɗa makulli ba tare da tayar da injin ba ya tabbatar wutar gargaɗi tana kamawa, domin wadda ba ta kamawa sam mai yiwuwa an taɓa ta. Idan motar daga Amurka ta fito, lambarta mai harafi da alƙalami 17 tana iya fito da tarihin gwanjonta a intanet. Ya tambayi mai ita a gaban mutane, kai tsaye, ko ya san wani aibi a giya, kuma a rubuta amsar. Wanda ya ƙi a rubuta ya riga ya ba da amsa.

Mutumin Damba da bakanike ya ce wa giya ta gama yana da zaɓi biyu a gabansa. Yana iya bin shawarar majalisa, ya zuba mai, ya share wuta, ya miƙa makulli ga wani malamin makaranta daga Tsafe da zai bi wannan hanya da iyalinsa kowace Juma'a. Yana iya kuma cewa, "Malam, giyarta tana zamewa idan ta yi zafi, ga abin da na rage maka." Zaɓi na biyu zai ci masa kuɗi masu yawa a wannan shekara mai tsanani. Aikin hukuma da malamai da ƙungiyoyin kasuwa shi ne su sa na farko ya fi shi tsada, ta yadda wanda ya ɓoye aibi zai san motar tana iya dawo masa ƙofar gida da sammacin kotu.